Yadda Ake Riƙe Rajistar Tituna da Adireshi a Ƙaramar Hukuma

Ranar da aka fara ɗora ni a kan wannan aiki, fayil uku aka miƙo mini, kuma babu biyu da suka yarda da juna. Na sashen haraji yana da gidajen da na masu kwashe shara bai san da su ba. Na masu ba da izinin gini kuwa har lokacin yana kiran wasu gidajen da lambar fuloti, alhali mutane sun shekara biyar a ciki. Kowane sashe yana rantsuwa nasa ne daidai. Aikin mai riƙe rajista shi ne ya samar da kundi guda wanda duk sassan za su riƙa komawa gare shi, ya kuma ci gaba da gyara shi kullum, domin gari ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun kafin ka taɓa kwamfuta. Sunan titi yana canzawa, lambar gida tana canzawa, shago yana komawa gidan zama. Wurin da kansa yana nan. Saboda haka kowane titi da kowane wuri sai an ba shi lambar shaida tasa ta dindindin, wadda ba a canza ta, ba a goge ta, ba a kuma sake bai wa wani wuri ita. A Birtaniya ana kiran ta wuri UPRN, tana iya kaiwa alƙaluma 12, ta titi kuma USRN mai alƙaluma 8. Ko ƙasarka ba ta da irin wannan tsari, kai ka ƙirƙira wa rajistarka.

Kayan aiki

Kwamfuta da manhajar taswira. QGIS kyauta ce kuma ta wadatar. Idan mutum ɗaya ne ke aikin, fayil ɗin GeoPackage, wato fayil guda da ke riƙe taswira da jadawalanta, ya isa. Idan ku biyu ne ko fiye kuke gyara a lokaci guda, ku nemi a kafa muku rumbun bayanai na haɗin gwiwa da manhajojin PostgreSQL da PostGIS, in ba haka ba wani zai riƙa danne gyaran wani.

Taswirar tushe ko hoton gari da aka ɗauka daga sama, mafi sabunta da za ka iya samu. Ka rubuta shekarar da aka ɗauki hoton a wurin da idonka zai riƙa gani.

Waya mai GPS da manhajar cike fom a fili, kamar KoboToolbox ko ODK. Dukansu suna aiki ba tare da intanet ba, sai an dawo a tura.

Keken awo ko doguwar igiyar awo, takardun taswira da aka buga, fensir, da littafi mai tauri na rubuta duk canjin da aka yi.

Sai jerin waɗanda za a riƙa sanarwa: gidan waya, 'yan kwana-kwana, masu motar asibiti, 'yan sanda, sashen haraji, hukumar zaɓe, kamfanonin ruwa da wuta.

Idan babu kwamfuta sam, aikin yana yiwuwa da kati: kati ɗaya ga kowane titi, ɗaya ga kowane gida, da lambar shaida a kusurwar sama. Na ga an yi haka kuma ya yi kyau, ranar da kwamfuta ta zo kwafewa kawai aka yi.

1. Ka san wanda doka ta bai wa ikon raɗa suna

Kafin komai, nemi dokar da ta ce ƙaramar hukuma ce ke raɗa wa titi suna da bai wa gida lamba, ka karanta ta da kanka. A Ingila ƙaramar hukuma ce ke ba da suna da lamba, gidan waya na Royal Mail kuma ya ɗora lambar shiyya ta wasiƙa a kai. A Holan, tun 2009, ƙananan hukumomi ne ke riƙe rajistar gine-gine da adireshi da ake kira BAG. A Faransa dokar 2022 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma, har da ƙananan ƙauyuka, ta raɗa wa hanyoyinta suna ta kuma sa wa gidaje lamba. Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, to ka san naka.

Daga nan a rubuta ƙa'idojin aiki a takarda, shafi biyu ko uku, majalisa ta amince da su. Ranar da mai gini ya zo yana so a sa wa titi sunan ɗiyarsa, wannan takarda ce za ta cece ka. Da bakinka kaɗai ba za ka iya ce masa a'a ba.

2. Tsara jadawali uku, kada ka cusa komai a ɗaya

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi shi ne ya buɗe jadawali ɗaya, ya rubuta adireshi gaba ɗaya a gurbi guda. Ranar da aka canza wa titi suna sai ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, kuma sai ya manta da wasu.

Jadawali na farko na tituna ne: lambar shaida, suna, unguwa, gari, inda titin ya fara da inda ya ƙare, ko hukuma ce ke kula da shi ko mai zaman kansa ne, ranar shigarwa, ranar rufewa.

Na biyu na wurare ne. Wuri shi ne duk abin da za a iya kai wa saƙo ko hidima: gida, ɗakin haya mai ƙofarsa, shago, makaranta, har da filin da aka ba da izinin gini a kansa. Kowanne da lambar shaida, ɗigonsa a taswira, irin amfanin da ake yi da shi, da lambar ginin da yake ciki idan ɗaki ne a bene.

Na uku na adireshi ne, wato rubutun da ke haɗa wuri da titi: lambar gida a gurbinta, harafin da ke biye da ita a gurbi dabam, sunan gini idan akwai, sai lambar shaidar titin. Wuri ɗaya yana iya samun adireshi fiye da ɗaya, don haka kowane adireshi sai an faɗi matsayinsa. Ma'aunin Birtaniya na BS 7666 ya ware su haka: amintacce, madadi, na wucin gadi, da na tarihi. Ni ban ga abin da za a ƙara a kan waɗannan huɗu ba. Sharaɗin shi ne kowane wuri mai rai, wato wanda ba a rufe shi a rajista ba, ya kasance da amintaccen adireshi guda ɗaya tak.

Gargaɗi a kan lambar shaida: kada ta ɗauki wata ma'ana. Akwai masu son su sa alƙaluman farko su nuna gunduma, na biyu su nuna titi. Yana da ban sha'awa a ido, sai ranar da aka gyara iyakar gunduma, lambar ta zama maƙaryaciya kuma ba damar canza ta. A bar ta jeri kawai, ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi na biyu ga mai amfani da Excel. Idan ba ka mayar da gurbin lambobi zuwa rubutu ba, zai cinye sifilin farko, ya mayar da lamba mai alƙaluma 12 zuwa wani abu kamar 1.00E+11, ya kuma ɗauki “3-5” a matsayin kwanan wata. Idan ka adana fayil ɗin a haka a tsarin CSV, wato jadawali na rubutu zalla, lambobin na asali sun tafi. Ka kuma riƙa adanawa da tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffa masu ƙugiya ko ɗigo za su dawo maka da alamar tambaya.

3. Fara da tituna

Ba a shigar da gida a titin da babu shi a rajista. Zana kowane titi a tsakiyarsa a kan taswira, ka sa alamar farko da ƙarshe. Farkon titi yawanci shi ne bakin da ya fi kusa da tsakiyar gari ko da babbar hanyar da ya fito daga cikinta. Ka zaɓi ƙa'ida ɗaya ka tsaya a kanta.

Wajen suna, abin da ake gudu shi ne ruɗani a kunne. Mai kiran motar asibiti cikin firgici ba zai tsaya harhaɗa haruffa ba. Don haka ba a maimaita suna a gari ɗaya, ko da ɗaya “titi” ne ɗayan “lungu”, ba a kuma yarda da sunaye biyu masu kama da juna a furuci. Hukumomi da yawa suna ƙin sa sunan mutumin da yake raye, kuma ina ganin suna da gaskiya: mutum bai gama rubuta tarihinsa ba sai ya bar duniya.

Titin da bai da suna tukuna, a ba shi lambar shaida da bayani, misali “hanyar da ta haɗa titi kaza da titi kaza”. Kada ka jira kwamitin raɗa suna ya zauna kafin ka shigar da shi. Wanda kuma jama'a ke kira da wani suna dabam da na hukuma, a shigar da na jama'ar a matsayin madadi, domin da shi za a zo nema.

4. Lambar gidaje

Nan ne rigima take, nan kuma ya kamata ka ɓata lokaci.

Tsarin da aka fi sani shi ne mara a hagu, cika a dama, idan ka tsaya a farkon titi kana fuskantar cikinsa: 1, 3, 5 a wannan gefe, 2, 4, 6 a wancan. Lungun da ba ya ɓullewa ana iya jera masa lambobi a jere, a zagaya daga hagu. Gidan kwana, wato wanda ke kusurwar tituna biyu, yana ɗaukar lambar titin da babbar ƙofarsa ke kallo, ko da mai gidan ya fi son sunan ɗaya titin.

Idan akwai filin da ba a gina ba a tsakiya, a bar masa lamba. Idan filin babba ne, a ƙiyasta gidajen da zai ɗauka a bar musu. Wanda ya ƙi yin haka, bayan 'yan shekaru zai tarar da 12A, 12B, 12C, har harafi ya yi nisa. Harafi magani ne na dole, ana amfani da shi idan an cusa sabon gida tsakanin 12 da 14 kuma babu gurbi.

Inda gidaje suke a warwatse, ko inda ba a san yawan ginin da za a yi nan gaba ba, akwai wata hanya da na fi so: lamba ta awo. Ana auna nisan ƙofar gida daga farkon hanya da mita, nisan ya zama lambar. Gidan da ke mita 347 a hagu ya zama 347, na dama a wurin ya zama 346 ko 348. Duk gidan da aka gina daga baya lambarsa tana jiransa, direban motar gaggawa kuma ya san nisan da ya rage masa. Ƙauyuka da yawa a Faransa wannan suke bi. Aibinsa ɗaya: mutane sukan yi ƙorafin lambar ta yi girma a titin da bai fi gida goma ba. Sukan saba.

Bene mai ɗakuna da yawa: ginin yana da lambar shaidarsa a matsayin uwa, kowane ɗaki yana da tasa a matsayin ɗa, an ɗaure shi da uwar. Kada ka shigar da ɗakuna ashirin a matsayin adireshi ɗaya don ƙofar waje ɗaya ce. Kowannensu ana kai masa takardar haraji tasa da katin zaɓe nasa.

Kada kuma ka yarda lambar fuloti ta zama lambar gida. Mai gini yana lissafa fulotansa yadda ya ga dama, fuloti na 7 yana iya zama gida na 22. Ka ajiye lambar fulotin a gurbinta dabam, za ta yi maka amfani wajen bincike.

5. Fita fili

Gani ya kori ji. Hoton sama yana nuna rufi, ba ya nuna ƙofa, ba ya kuma gaya maka cewa an raba gidan biyu daga ciki.

Ka tsaya a bakin ƙofa, ka ba wayar 'yan daƙiƙoƙi ta daidaita kafin ka ɗauki ɗigo. A sarari GPS na waya yakan kauce da kimanin mita 5, tsakanin dogayen gine-gine ya fi haka, kuma mita 5 ta isa ta jefa ɗigon gidan maƙwabci. Don haka idan ka dawo ofis ka ja kowane ɗigo ka zaunar da shi a kan rufinsa a hoton sama. Alƙaluma biyar bayan ɗigon desimal a lambobin GPS sun kai daidaiton kusan mita ɗaya, shida sun wadatar har da ragi.

A yanke shawara tun farko ko ɗigon zai zauna a tsakiyar gini ko a ƙofa, a rubuta a ƙa'ida. A kuma rubuta tsarin lambobin taswira da ake amfani da shi. Waya tana ba da WGS84, taswirar hukuma kuma ta yiwu tana kan tsarin ƙasa. Idan aka gauraya su ba tare da juyawa ba, gidaje za su goce daga wurinsu. Idan ka ga unguwa guda ta faɗa cikin teku ko wata nahiya, kada ka firgita, an musanya gurbin lambar arewa da ta gabas ne.

Ɗauki hoton ƙofa da lambar da ke jiki. Abin da ba na rajistar adireshi ba ne shi ne sunan mai gida da lambar wayarsa. Wannan kundi za a raba shi ga hukumomi da yawa, bayanan mutane su tsaya a sashen da ke da hurumin riƙe su.

6. Haɗa jerin sauran sassa da naka

Karɓi jerin haraji, na shara, na zaɓe, na izinin gini. Ka fara daidaita rubutunsu: manyan haruffa da ƙanana, taƙaitattun kalmomi, tazarar da ta yi yawa. Sai ka gwada kowane adireshi da rajistarka. Wanda ya yi daidai, ka liƙa masa lambar shaida ka mayar wa sashen, ka roƙe su su ajiye ta a nasu kundin. Daga ranar nan, da lamba za ku riƙa magana.

Waɗanda suka ƙi haɗuwa su ne ainihin aikin, kuma da hannu ake bin su. Wasu kuskuren rubutu ne. Wasu gidaje ne na gaske da ba ka san da su ba. Wasu sun daɗe da rushewa.

A nan na taɓa yin ɓarnar da har yau nake tunawa. Na ga adireshi biyu iri ɗaya sak, titi ɗaya, lamba ɗaya, ɗigo ɗaya, sai na ce maimaici ne na share ɗaya. Ashe gida ne mai hawa biyu da aka raba, na sama da na ƙasa, wanda ya shigar da su tun asali bai rubuta bambancin ba. Bayan wata biyu wata mata ta zo ofis da takardu a hannu, an daina kwashe mata shara, fom ɗin hukuma na intanet kuma yana ce mata gidanta babu shi. Sai da na tono tsohon kwafi na dawo mata da lambarta ta asali, domin da na ba ta sabuwa, da tarihin harajinta ya rabu da gidan. Tun daga lokacin ba na haɗe adireshi biyu sai na je na ƙirga ƙofofi da mitocin wuta.

7. Sabon gini

Kada ka jira a gama gini. Da zarar an ba da izini, ka ƙirƙiri wurin da lambar shaidarsa, adireshin a matsayin na wucin gadi. Nemi zanen filin daga mai gini, wanda ya nuna kowace ƙofa. Raba lambobi, a amince da sunan titi idan sabo ne, a ba mai ginin takarda a rubuce. Idan an gama aka shiga, sai a mayar da adireshin amintacce. Lambar shaidar ita ce dai ta ranar farko.

Masu gini suna canza zane a tsakiyar aiki ba su faɗa wa kowa ba, gida goma su zama goma sha biyu. Ka ƙulla zumunci da masu duba gine-gine na hukumarka, su ne ke fara gani.

8. Canjin suna, rabuwa, haɗewa da rushewa

An canza wa titi suna: lambar shaidar titin tana nan, ta gidajen ma haka. Tsofaffin adireshi su koma na tarihi da ranar da suka daina aiki, sababbi su zama amintattu. Mai neman tsohon suna zai same shi, ya kai shi ga sabon. Amma ka sani canjin suna ko lamba nauyi ne a kan mazauna, sai sun gyara takardun banki, na mota, na mallakar gida. Kada a yi shi don kwalliya, kuma a tuntuɓe su tukuna.

An raba gida ɗaya zuwa ɗakuna uku: tsohuwar lambar ta zama uwa, a haifi sababbi uku a ƙarƙashinta. An haɗe shaguna biyu sun zama ɗaya: a rufe waɗanda suka daina wanzuwa, a rubuta a bayani inda suka koma.

An rushe gini: a sa ranar rufewa, matsayi ya koma tarihi. Idan an gina sabo a filin, sabuwar lambar shaida zai samu, ko da lambar ƙofar ba ta canza ba.

Duk waɗannan a shigar da su a littafin canji: me aka canza, wa ya canza, yaushe, bisa wace takarda. Shekara uku nan gaba lauya zai zo yana tambaya, kai kuma ba za ka tuna ba.

9. Sanarwa da turawa rumbun ƙasa

Adireshin da gidan waya da masu agajin gaggawa ba su san da shi ba, kamar babu shi ne. Ka tsayar da rana a mako ta tura sababbin canje-canje ga jerin nan da ka tanada, kowane adireshi da lambar shaidarsa da ɗigonsa. Idan ƙasarka tana da rumbu na ƙasa, ka bi tsarin fayil ɗinsa harafi da harafi. A Ingila da Wales ƙananan hukumomi suna tura nasu ga GeoPlace, haɗin gwiwar ƙungiyar ƙananan hukumomi da hukumar taswira ta Ordnance Survey, daga can ake haɗa na ƙasa. Tun watan Yulin 2020 lambobin UPRN da USRN a buɗe suke ga kowa.

Titin da ya ratsa iyakar hukumomi biyu, ku zauna da takwaranka na can ku yarda a kan inda naka ya tsaya nasa ya fara, kada lambobin gidaje su yi karo.

10. Bincike da ajiyar kwafi

Sau ɗaya a mako ka tambayi rajistar waɗannan: akwai lambar shaida da ta fito sau biyu? Akwai wuri mai rai da ba shi da amintaccen adireshi, ko mai guda biyu? Akwai gidan da ke kan titin da aka rufe? Akwai ɗan da uwarsa ta koma tarihi? Akwai ɗigon da ya fita iyakar hukuma, ko ya yi nisa da titinsa? Sai adireshin wucin gadi da suka haura shekara biyu, waɗannan ka bi su da ƙafa, galibi an daɗe da shiga gidajen.

Kafin duk wani babban gyara ka ɗauki kwafi, ka sa masa kwanan wata a suna, ka ajiye ɗaya a wani wuri dabam da kwamfutar aiki. Duk bayan 'yan watanni ka buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin kwafin a wata kwamfuta, ka nemi titi guda ka tabbatar gidajensa sun fito cif.